Taurin bayan gida da likita bai ga dalilinsa ba

Wannan shi ne jawabin da masu fassara na sashen kare haƙƙin 'yan gudun hijira suka gabatar da Hausa a zaman wayar da kai na unguwar Kpébié, Parakou. An buga shi a nan domin waɗanda ba su samu halarta ba, da kuma 'yan'uwanmu da ke Djougou.



  

Kun saba jin mu a kan maganar takardu, da rajistar haihuwa, da sa yara makaranta. Yau da wata magana muka zo, wadda ba a saba yi a gaban manya ba, don haka muna neman afuwa tun kafin mu fara. Maganar bayan gida ce. Mun ga wasu sun sunkuyar da kai, mu ma da muke faɗa ba daɗi muke ji ba. Sai dai ciwon ya yi yawa a cikinmu, kuma shirun da muke yi yana ƙara masa ƙarfi.

Mu ba likitoci ba ne. Aikinmu fassara: mu zauna tsakanin mai magana da Hausa da mai magana da Faransanci, mu kai maganar wannan ga wancan ba ragi ba ƙari. Abin da za mu faɗa a kan jiki da magani, daga ma'aikatan lafiya muka koya, kuma mun sake tambayar su kafin mu zo nan. Abin da za mu faɗa a kan zamanmu kuwa, da kunnenmu muka ji shi. Ba za mu kama sunan kowa ba, domin abin da aka faɗa a gabanmu amana ne.

Tun ƙarshen shekarar 2021 da rashin zaman lafiya ya soma taɓa arewacin Benin, jama'a ke gangarowa daga Alibori da Atacora, wasu ma daga ƙetaren iyaka. A cikin waɗanda muke raka wa asibiti, akwai wata magana da ke ta maimaituwa. Mutum ya ce cikinsa ya ɗaure. Wata ta ce zafi ke damun ta. Wani ya ce basir ne. Wata kuma ta ce ba ta jin daɗin jikinta, ta yi shiru a nan. Sai an yi ta tambaya a hankali kafin a gano cewa kwana biyar ko shida ke nan ba ta zaga ba, kuma wata da watanni haka take fama. Likita ya taɓa ciki, ya auna jini, wani lokaci a ɗauki hoto. Daga ƙarshe ya ce bai ga komai ba.

Wannan jimla, “ban ga komai ba”, tana cikin masu wuyar fassarawa a aikinmu. Kalmominta ba su da wuya. Wuyar ita ce abin da mara lafiya ke ji. Wani ya ɗauka an ce ƙarya yake yi. Wata ta ɗauka tunda asibiti bai gani ba, to ciwon ba na asibiti ba ne, sammu ne ko jifa, sai ta soma zargin maƙwabciyar da suke girki a murhu ɗaya. Wani kuma ya ɗauka an ɓoye masa mugun labari ne. Duka ukun ba haka ba ne.

Abin da likita ke nufi shi ne bai ga ƙari ba, bai ga toshewar hanji ba, bai ga ciwon suga ko ciwon maƙoshi da ke rage wa jiki kuzari ba. Wannan abin godiya ne. Amma ciwon yana nan, kuma yana da suna. Da Faransanci ana ce masa constipation fonctionnelle, wato hanji lafiyarsa lau a gani, aikinsa ne ya yi nawa. Likitocin ciki na duniya sun yi ittifaƙi a kan alamominsa, ana kiran ƙa'idar da sunan birnin Rum, kuma ta huɗu ta fito a 2016. A ƙa'idar nan, idan abin ya soma aƙalla wata 6 da suka wuce, ya kuma dage a wata 3 na baya-bayan nan, sannan mutum yana da biyu ko fiye daga cikin waɗannan, to shi ne: zagawa ƙasa da sau 3 a mako, yawan nishi da yunƙuri, bayan gida mai tauri ko guntu-guntu kamar na akuya, jin cewa ba a gama ba, jin kamar an toshe hanya, ko kuma sai an sa hannu an taimaka. Kusan mutum 1 cikin 10 a duniya yana fama da shi, kuma ya fi yawa a mata. Saboda haka duk wanda ke da shi a cikinmu ya sani ba shi kaɗai ba ne, kuma ba wanda ya yi masa asiri.

A nan mu gyara wata fahimta. Ba dole ne kowa ya zaga kullum ba. Daga sau 3 a rana har zuwa sau 3 a mako, duk daidai ne, in dai yana fita da sauƙi. Wanda ke zagawa bayan kwana biyu ba wahala ba shi da ciwo. Wanda ke zuwa kullum amma sai ya yi gumi, ya fito da ɗan guntu mai tauri, shi ne mai ciwo.

Yanzu bari mu ga yadda abin yake faruwa, domin in an gane wannan, sauran maganar za ta yi sauƙi. Babban hanji tsawonsa kusan mita 1 da rabi ne. Babban aikinsa tsotse ruwa daga abin da ya rage na abinci. Muddin abin yana ciki, hanji ba ya daina tsotsa. Idan ya fita a kan lokaci, da laushinsa zai fita. Idan ya kwana ya wuni, sai ya bushe kamar tuwon da aka bari a buɗe cikin hunturu. Ga kuma abu na biyu. Idan bayan gida ya iso ƙofa, jiki yana aiko da saƙo. In mutum ya amsa, shi ke nan. In ya matse, saƙon zai lafa. In kullum matsewa yake yi, wurin zai buɗe ya saba da ɗaukar kaya, saƙon ya riƙa zuwa a raunane, har mutum ya daina jin sa. Ranar da ya je kuma, abin ya yi tauri, ya tsaga fata, ya ji zafi. Gobe tsoron zafin ya sa ya ƙara matsewa. Haka ciwon yake ciyar da kansa.

To, me ya sa muke matsewa? A nan ne maganar ta shigo ofishinmu, shi ya sa ma mu muka tsaya a gabanku yau.

A garuruwan da muka baro, kowane gida da salgarsa, ko kuma bayan gari yana kusa, kowa ya san lokacinsa da hanyarsa. A nan kuwa, gida ɗaya ya ɗauki iyali huɗu ko biyar, salga ɗaya. Da safe layi. Ƙofar wani wuri buhu ne aka rataya. Ba sakata, ba fitila. Samari suna zaune a bakin hanya da shayinsu. Matar aure ta ɗauki buta ta wuce ta gaban surukinta da baƙin maza, wannan abu ne da tarbiyyarmu ba ta saba da shi ba. Sai ta ce bari dare ya yi. Dare ya yi kuma, duhu ya hana, tsoro ya hana. Mun fassara wa wata baiwar Allah da ta ce ta rage cin abinci, ta rage shan ruwa da gangan, don kada buƙata ta kama ta da rana. Ta faɗe shi a hankali, kamar dabara ce ta samo. Ga jariri tana shayarwa. Ba ita kaɗai muka ji wannan daga bakinta ba.

Irin wannan ba hoton asibiti da zai nuna shi. Likita zai duba hanji ya ga lafiya, domin dalilin yana can a ƙofar salga.

Ku sani, salga mai tsaro haƙƙi ce. A ƙa'idojin aikin agaji na duniya da ake kira Sphere, an ce kada mutum fiye da 20 su haɗu a salga ɗaya, kada nisanta ya wuce mita 50 daga wurin kwana, a raba ta maza da ta mata a wuraren jama'a, a sa mata abin kullewa daga ciki da haske. An kuma ce mafi ƙarancin ruwan da mutum ɗaya ke buƙata a rana, na sha da girki da tsafta, lita 15 ne. Ba mu ce ko'ina an cika wannan ba. Muna faɗa ne don ku san cewa wadda ta zo ta ce salgarsu ba ƙofa, ba raini ta yi ba, ba kuma rashin godiya ba ne. Ƙara ce ta gaskiya, za a rubuta ta kamar yadda ake rubuta ƙarar takarda da ta ɓace.

Akwai kuma dalilin da ya fi wannan zurfi. Hanji da ƙwaƙwalwa suna magana da juna ta jijiyoyi. Kowa ya san yadda fargaba ke tsinka ciki. Haka nan damuwa mai tsawo tana iya ɗaure shi. Wanda ya gudo da dare, wanda bai san inda ɗansa yake ba, wanda barci ya ƙaurace masa, ba abin mamaki ba ne cikinsa ya ƙi tafiya daidai. Kuma akwai waɗanda aka ci wa zarafi a hanya ko bayan isowa, jikinsu ya koyi ƙanƙamewa, har lokacin da ya kamata ya saki sai ya ƙara damƙewa. Ba za mu tsawaita a nan ba. Abin da za mu ce kawai shi ne, duk wadda wannan ya shafa, ko wanda ya shafa, ƙofarmu a buɗe take. Mace tana da ikon cewa mace take so ta fassara mata. Ba wanda zai tilasta wa kowa faɗin abin da bai shirya faɗa ba.

Sai abinci. A gida mun saba da tuwon gero da na dawa, da miyar kuka, da kuɓewa, da rama, da zogale a bayan ɗaki. A nan abin da ya fi sauƙin samu shi ne farar shinkafa, taliya, burodi da akasa. Suna cika ciki, amma an cire musu dusa, ga shi dusar nan da zaren ganye su ne ke riƙe ruwa a hanji su sa bayan gida ya yi laushi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana buƙatar aƙalla gram 25 na wannan zare a rana. Don ku ga bambanci: kofi ɗaya na dafaffen wake yana da kusan gram 10, kofi ɗaya na farar shinkafa bai kai gram 1 ba. Mun san halin aljihu, ba za mu ce a sayi abin da ba a iya saya ba. Amma shinkafa da wake ta fi shinkafa zalla. Garin kuka da busasshiyar kuɓewa ba su da tsada a kasuwar Arzèkè ko a ƙananan kasuwannin unguwa. In za a kai masara ko dawa niƙa, kada a surfe ta sarai. Gwanda, lemo, gwaba da mangwaro a lokacinsa, a ci da naman, kada a tsotse ruwan a zubar da sauran. A ƙara a hankali cikin mako biyu, domin in an tula wake da ganye rana ɗaya, ciki zai kumbura da iska, mutum ya ce abin bai karɓe shi ba. Kuma a haɗa da ruwa. A hunturu ƙishirwa ba ta cika damun mutum ba, amma iska tana busar da jiki. Alama mai sauƙi ita ce fitsari: in ya yi ja sosai, ruwa bai isa ba. A watan azumi a rarraba shan ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur.

Wasu magunguna ma suna ɗaure ciki. Tramol da kodin suna kan gaba, kuma muna roƙon matasanmu masu aikin ƙarfi da masu tuƙa babur su ji wannan da kyau. Maganin tsayar da zawo da ake saya a tebur, in an yawaita shi, haka. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu juna biyu ita ma tana iya kawo tauri, amma kada wadda ta daina sha da kanta, domin ƙarancin jini ya fi taurin ciki haɗari gare ta da abin da ke cikinta. Ta gaya wa ungozomar asibiti, akwai yadda za a yi. Duk wanda zai je ganin likita ya tafi da kwalayen duk abin da yake sha, har da na gargajiya.

To me za a yi? Na farko, a amsa kira idan ya zo. Hanji ya fi motsi da safe, musamman bayan an ci wani abu ko an sha abu mai ɗumi kamar koko ko kunun tsamiya. A ware wannan lokaci kullum, a je a tsuguna ko da ba a ji sosai ba, minti 5 zuwa 10, ba tare da yunƙurin ƙarfi ba. In bai zo ba a tashi, gobe a sake. Tsugunon da muka gada ya fi zaman kujera sauƙaƙa fita. Tsofaffin da gwiwa ta hana tsuguno, a yi musu kujera mai rami da ɗan abin taka ƙafa. Na biyu, a motsa jiki. Zaman jira yana da yawa a rayuwarmu ta yanzu, tafiyar rabin awa a rana tana taimaka wa hanji. Na uku, in an yi wannan mako uku ko huɗu ba sauyi, a koma asibiti a nemi magani. Akwai masu jawo ruwa cikin hanji, irin su macrogol da lactulose. Ba sa aiki nan take, sukan ɗauki kwana ɗaya ko biyu, kuma likita yana iya cewa a yi watanni ana sha har hanji ya koma saitinsa. Wannan ba jaraba ba ce. Kuskuren da aka fi yi shi ne dainawa ranar da ciki ya saki.

Filasko da iyayenmu suka sani yana aiki da gaske, daga irin ganyensa ma ake yin wani maganin asibiti. Matsalarsa rashin ma'auni: a jiƙa da yawa, ya murɗa ciki, ya zubar da ruwan jiki. Mai juna biyu da ƙaramin yaro kada a ba su sai da izinin ma'aikacin lafiya. Jiƙe-jiƙen kwalba da ake yawo da su ana cewa suna wanke ciki, ba wanda ya san abin da ke cikinsu. Ɗura ruwan sabulu ko barkono ta dubura kuwa, muna roƙo don Allah a bari, musamman ga yara. Yana ƙona hanji, yana iya huda shi.

Iyaye mata, ga taku. Yaron da ke tsayawa a lungu yana miƙe ƙafafu yana jan fuska, sau da yawa matsewa yake yi, tsoron ramin salga yake ji ko tsoron zafi. Yaron da ya girma amma ana ganin ɗan danshi a wandonsa, yawanci ba iskanci ba ne, ba kuma zawo ba ne. Mai tauri ne ya toshe, mai ruwa yake zagayowa ta gefe, shi kansa bai san ya fito ba. Duka yana ƙara masa tsoro. A raka shi, a riƙe masa hannu, a ba shi fo in ramin ya yi masa girma, a kai shi asibiti.

Yanzu ku ba mu hankalinku, domin ba kowane taurin ciki ne mara dalili ba. Akwai alamomin da ba a jira da su. Jini a bayan gida ko bayan gida baƙi kamar kwalta. Ramewa ba dalili. Kasala da ɗashewar ido. Taurin da ya soma sabo ga wanda ya haura shekara 50. Wanda aka taɓa samun ciwon dajin hanji a danginsa. Waɗannan a je asibiti cikin makon, kada a ce basir ne a zauna. Idan kuwa ciki ya kumbura, ga amai, ga ciwo mai tsanani, ko iska ba ta fita, wannan na gaggawa ne, dare ko rana, kuma kada a ba shi maganin zawo ko jiƙo. Haka jaririn da ya yi kwana biyu da haihuwa bai yi baƙin kashin farko ba. A fara da cibiyar lafiya mafi kusa, su za su tura babban asibiti na Borgou a nan Parakou in da buƙata. Na Djougou ma haka, a bi ta cibiyar unguwa.

Idan kun zo gaban likita, ku taimake mu mu taimake ku. Mu abin da aka faɗa muke fassarawa. In kin ce zafi, zafi za mu ce, likita ya nemi zazzaɓi ya rasa. Ki faɗi yaushe rabonki, sau nawa a mako, da tauri ko da laushi, da jini ko babu, tun yaushe. In bakinki ya yi nauyi, ki ce mana “maganar Kpébié ce”, za mu gane, mu buɗe miki hanya.

Muna da roƙo ga maza. Majalisar shayi a janye ta daga hanyar salga. Wanda ya iya aikin kafinta ya sa sakata, ko ƙusa ce da igiya. In gida yana da tocila ɗaya, a ajiye ta inda mata za su iya ɗauka ba sai sun tambaya ba. Masu gidajen da suka sauke mu, muna godiya da karamcinku, muna kuma roƙo kada a kulle salga da dare. Shugabannin mata, ku ƙidaya mana gidajen da salgarsu ba ƙofa, ba haske, ko mutane sun yi mata yawa, ku kawo mana kafin zama na gaba. Ba mu yi alkawarin za a gyara duka nan take ba, amma abin da ba a rubuta ba ba a neman kuɗinsa.

Bayan an tashi, ma'aikaciyar lafiya tana ɗakin baya tare da mai fassara mace, maza kuma za mu tsaya da ku a rumfa. Wanda ya fi son ya zo wata rana shi kaɗai, ya zo.

Abin da muka faɗa daidai, Allah Ya amfane mu da shi. Inda muka yi kuskure ko muka yi wa manya nauyin baki, a yafe mana. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da garuruwanmu, Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.